Nasiha Ga Wanda Aka Miƙa Wa Kwalin Rauta

Ƙannena maza da mata, a yawancin gidajenmu wanda ya biya kuɗin rautar intanet ba shi ke haɗa ta ba. Baba ko Yaya zai shigo da kwali a leda, ya dire a falo, ya ce a kira wane, ko a kira wance, su suka san kan waɗannan abubuwa. To ku ne wane da wancen. Kuna iya ɗaukar abin aiken minti goma: a zura layi, a jona wuta, a karanto wa jama'a lambobin da ke ƙasan na'ura, kowa ya watse. Ni kuwa so nake ku ɗauke shi da nauyinsa. Ta wannan 'yar na'ura Baba zai riƙa tura kuɗi, ta nan Umma za ta ga fuskar ɗanta da ke karatu a Madina ko aiki a Legas, ta nan kuma ƙaninku ɗan shekara tara zai ci karo da abin da bai taɓa gani ba, mai kyau ko marar kyau. Rauta zauren gida ce, mai shiga da mai fita duk ta cikinta suke bi. Wanda aka ba aikin kafa ta, mabuɗin zauren aka danƙa masa, ko an faɗa masa ko ba a faɗa ba.

Aikin yana farawa tun ba a je kasuwa ba. Kada talla ta zaɓa muku kamfani, kada kuma abokin da ke wata unguwa ya zaɓa muku. Sabis abin unguwa ne, kai har abin lungu ne. Layin da ke gudu a Tarauni yana iya yin rarrafe a Kurna, kuma ko a gida ɗaya, saman bene da ɗakin ƙasa ba ɗaya ba ne. Ku aro layukan da ke hannun mutanen gida, na MTN, na Airtel, na Glo, ku riƙa sa su a waya guda kuna auna gudunsu a shafin fast.com ko manhajar Speedtest, kuna tsaye a ɗakin da za a ajiye rautar. Ku auna bayan asuba, ku auna da rana, ku sake aunawa bayan isha'i. Awon bayan isha'i shi ne mai gaskiya, don lokacin ne kowa ya dawo gida, unguwa gaba ɗaya ta taru a kan ƙarfen sabis guda ana rabon abin da yake iya bayarwa.

MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu ba ko'ina ya kai ba. Rautar 5G a unguwar da ba 5G komawa 4G take yi, kun ga an biya kuɗin abin da ba za a mora ba. Inda wayar faiba ta iso layinku, ita ta fi tsayawa daram, domin yawan masu waya a unguwa bai cika dagula ta ba. Starlink kuma, wanda ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, ya dace da wanda ke nesa da ƙarfen sabis, sai dai yana son sararin sama a buɗe, yana cin wuta fiye da sauran, kuma aljihu na jin sa.

In ta hannu za ku saya, a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja, ku tambayi abu biyu kafin kuɗi ya bar hannunku. Kulle take da kamfani ɗaya, ko tana ɗaukar kowane layi? Sannan layin da ke ciki da sunan wa aka yi masa rajista? Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da ke ɗauke da sunan wani ba naku ba ne, ko da kun shekara kuna zuba masa data. Ranar da aka rufe shi ko ya lalace, mai sunan kaɗai za a saurara. Ku sayi sabon layi, a yi rajista da sunan wani babba na gidan.

Akwai abu ɗaya da in kun gane shi rabin wahalar ta ƙare. Intanet ɗin gida hanya biyu ce aka haɗa. Ta farko daga kamfani zuwa rauta, ko ta iska daga ƙarfen sabis ko ta waya. Ta biyu daga rauta zuwa wayoyinku da kwamfutocinku, ita ce Wi-Fi. Alamar Wi-Fi da kuke gani a cike a saman waya ba ta ba da labarin hanyar farko. Iyakar abin da take cewa shi ne wayarku na jin rauta sosai. Shi ya sa za ku ga alama a cike, saƙon WhatsApp kuma na ta jira bai tafi ba. Duk matsalar da ta taso, tambayar farko ita ce a wace hanya take.

Wurin ajiye rauta kuwa, a nan mutane suka fi cutar kansu. Ana duba inda soket yake, ko inda za ta yi wa falo kyau, sai a cusa ta bayan talabijin ko a ɗora ta kan firji. Wata uwar don tausayi har mayafi za ta yafa mata kada ƙurar hunturu ta shige ta, ba ta san zafi take tara mata ba. Ku yi haƙuri ku ba wannan mataki awa guda. Ku samu doguwar wayar wuta, ku jona rautar, ku ɗauke ta a hannu kuna zagaya ɗaki. Ku ɗora ta a wannan taga, ku tsaya minti biyu fitilun sabis su zauna, ku auna. Ku koma waccan taga ku auna. Ku hau kujera ku ɗaga ta saman kabad ku sake aunawa. Za ku sha mamakin yadda taku uku ke canja gudu, musamman in kun dace da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis. A shafin saitin rautoci da yawa akwai wata lamba mai suna RSRP, wadda ake rubutawa da alamar ragi a gabanta. Wadda ta kusa -80 mai kyau ce, wadda ta gangara -105 ko ƙasa da haka rauni ne. Lambar nan ta fi fitilun faɗin gaskiya.

Gininmu ba ya sassauta wa Wi-Fi. Bulon siminti, dakin mai rodi a ciki, katangar ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, duk suna shanye siginar. Saboda haka a sama za a ajiye ta, a fili, kusa da tsakiyar inda ake zama gwargwadon yadda sabis ya bari. Kada kuma neman taga ya sa ku bar ta a inda rana ke duka kai tsaye. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri, rautar da ke cikin rana za ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, a ce ta lalace alhali zafi ne ya ishe ta.

Yawancin rautocin yanzu suna fitar da Wi-Fi iri biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na farko ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma cike yake da cunkoson na maƙwabta. Na biyu ya fi gudu, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. Wanda ke falo kusa da rauta ya hau na 5, wanda ke ɗakin baya ko zaure ya hau na 2.4. Kada ku ruɗe in kun ga an liƙa wa sunan na biyun 5G a ƙarshe. Wancan 5G na kamfanonin waya daban, wannan daban.

Sai haɗawar kanta. Ku kashe rautar kafin ku zura layi. Ku kifa ta, za ku ga 'yar takarda a manne a ƙasanta, da sunan Wi-Fi, da kalmar sirrinsa, da wani adireshi na lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ku ɗauki hoton takardar nan tun yau, don gogewa take yi. Ku haɗa wayarku da Wi-Fi ɗin, ku buɗe Chrome, ku rubuta adireshin can sama inda ake rubuta sunan shafi. Abin da zai buɗe shi ne shafin saiti, a cikin rautar yake zaune, shi ya sa yake buɗewa ko babu data ko ɗigo. Rautar da kamfani ya sayar da layinta a ciki takan kama da kanta. Wadda ba ta kama ba, sau da yawa APN ne ba a sa mata ba, wato sunan mashigar da kamfanin ke karɓar masu data. Ku kira kamfanin su faɗa muku, ku rubuta harafi da harafi yadda aka faɗa.

Na faiba yana da nasa tsarin. Ma'aikaci zai zo da tsani ya jawo siririyar waya daga turke, ya maƙala wani ɗan akwati a bango. Wani lokaci akwatin shi ne rautar, wani lokaci kuma sai an jawo waya daga gare shi zuwa rauta. In haka ne, ramin da aka rubuta wa WAN za ta shiga, wanda galibi launinsa ya bambanta da sauran. Ramukan LAN na kwamfuta ne da talabijin. Mutane da yawa sun kwana ba intanet don kawai an zura waya a ramin da ba nata ba. Kamfanoni da dama kuma suna amfani da wani tsari mai suna PPPoE, inda rauta ke gabatar da suna da kalmar sirri kafin a buɗe mata hanya. Ma'aikacin zai shigar da su cikin daƙiƙa kaɗan ya rufe shafi ya fara naɗe igiyarsa. Ku tsaya kusa da shi tun farkon aiki, ku kawo masa ruwa, ku ce: "Malam, don Allah a rubuta mana sunan da kalmar sirrin a takarda." Ba rashin kunya ba ne, haƙƙin gidan ne. Wayar faiba kuma zaren gilashi ne a cikinta, ba a lanƙwasa ta, ba a danne ta da ƙofa, ba a kuma leƙa bakinta da ido, don hasken da ke fita ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido illa.

Da intanet ta kama, gida zai ɗauki murna, kowa na miƙo waya. Ku ce a dakata tukuna, saura kulle.

Kalmar sirri biyu ce a rauta, kuma yawanci ɗaya kawai mutane suka sani. Akwai ta Wi-Fi da ake ba 'yan gida. Akwai kuma ta shafin saiti, wadda a rautoci da yawa daga masana'anta take zuwa da admin a sama, admin a ƙasa. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinku, in ba ku canja wannan ba, yana iya shiga ya canja komai. Zai iya korar ku daga rautarku, zai iya karkatar da ku zuwa shafin banki na bogi. In layin da ke cikin rautar yana karɓar saƙonni, zai iya karanta su. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubun dubatar rautoci da kyamarori a duniya, kuma ba wata gwaninta ta yi ba illa gwada sunaye da kalmomin sirri na masana'anta wajen 60 waɗanda masu kayan ba su canja ba. A watan Oktoban shekarar aka yi amfani da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn hari, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ƙi buɗewa a sassan Amurka. Masu na'urorin suna gida ba su san da kayansu ake ɓarnar ba. Kalmar sirrin shafin saitin nan ita za ku fara canjawa.

Ta Wi-Fi kuma, ku rabu da lambar wayar Baba, da sunan auta haɗe da shekarar haihuwarsa, da 12345678. Su ne abin da yaron maƙwabta zai fara gwadawa, kuma ya san su duka. Ku haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ku tsarma lamba a tsakani, tsawon ya kai harafi 12 ko fiye. Kalmomin Hausa sun yi daidai, sai dai ku kauce wa ƙ da ɗ da ɓ, don talabijin da wasu wayoyi ba za su iya rubuta su ba. A wurin zaɓen tsaro ku ɗauki WPA2, ko WPA3 in rautar na da shi. WEP tsohon kwaɗo ne da aka daɗe da karyawa. Ku kuma kashe WPS. Tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma 8 rabi-rabi ake tantance ta, har gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta, abin da kwamfuta ke gamawa cikin awanni. Sunan Wi-Fi ɗin ma kada ku sa Gidan Alhaji Wane. Ba dole duk mai wucewa ta layi ya san na wane gida ne ba.

Na san mu mutane ne masu kara. Baƙo zai zo, ɗan'uwa zai kwana, maƙwabciya za ta aiko yaro, kuma hana su ba tarbiyyarmu ba ce. Ba cewa nake ku zama marowata ba. Amma ku sani wayoyin Android na yanzu suna fitar da kalmar sirri a hoton QR, mutum ɗaya da kuka ba ya isa ya ba majalisa guda. Maganin yana cikin rautar: ku buɗe Wi-Fi na baƙi, da sunansa daban da kalmar sirrinsa daban, ku riƙa canja ta duk wata. Baƙo ya samu abin da ya nema, kuma bai ga na'urorin gida ba. In maƙwabci ake so a taimaka wa na dindindin, a yi shi da sanin mai biyan kuɗin.

Maganar data ita ke haddasa rigima a gidaje, balle tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Za a sayi ta wata guda, kwana goma ta ƙare, Baba ya ce kamfani ne ke sata. Kafin a zargi kowa, ku buɗe shafin saiti ku duba jerin na'urorin da ke kai. Gidan mutum takwas, in kun ga na'ura ashirin, an samu amsa. In jerin daidai yake, to ku dubi halin wayoyin kansu. Waya da ta ji Wi-Fi ɗauka take kyauta ne. Nan take za ta fara sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna da bidiyon biki ta tura Google Photos, kwamfuta mai Windows kuma ta sauke nata lodin da daddare. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku nuna musu cewa wannan Wi-Fi na awo ne. Bidiyo shi ne babban maci: awa guda ta Netflix a hoto mai kyau sosai tana cin wajen GB 3, a na 4K har 7. A fuskar waya, 480p ya wadatar da ido. In an ce muku data marar iyaka, ku karanta ƙananan rubutun, galibi akwai adadin da in an kai ake rage gudu. Lissafin gudu kuma, Mbps ɗin da ake talla sai an raba shi gida takwas kafin a samu megabait. Layi mai Mbps 20 yana sauke MB 2.5 a daƙiƙa, wato fayil mai GB 1 zai ɗauki kusan minti bakwai. Ba ha'inci a nan, ma'auni ne biyu.

Wuta ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sanin halinta. Rauta ba ta da ci, wat 10 ko kusa da haka, yawancinsu a kan bolt 12. Ƙaramin batirin rauta da ake sayarwa a kasuwar waya zai riƙe ta awanni in an ɗauke wuta. Ku duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin adaftarta ku sayi daidai da shi, kada ku jona mata kowace adafta don kawai bakin ya shiga. Da damina in hadari ya taso da tsawa, ku zare ta daga bango.

Ranar da ta ƙi aiki, ku bi a hankali. Ku duba ko data ce ta ƙare, don sau da yawa ita ce. Ku kashe, ku ƙirga talatin, ku kunna. A akwatin faiba in fitilar LOS ta yi ja, haske ne ba ya isowa, watakila waya ta tsinke a titi, kuma ba abin da za ku taɓa a gida ya gyara. Wani lokaci ma matsalar ta fi ƙarfin kamfanin. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da Gana da wasu ƙasashe, har bankuna suka ji a jikinsu. Wanda ya yi ta tsokanar rautarsa a ranar wahala kawai ya sha. Akwai wani ɗan rami a bayanta da aka rubuta wa Reset, wanda ake danna wa tsinke. Ku bar shi sai in komai ya ƙi, don yana goge duk abin da kuka saita, har sunan PPPoE da ma'aikaci ya sa. In kun kai kuka ga kamfani, ku karɓi lambar ƙorafi ku ajiye. In sun yi biris, NCC tana da layin 622 na kyauta don irin wannan.

Saura abin da ya fi damuna. Wanda ke riƙe da shafin saiti yana da iko a kan mutanen da suka girme shi. Yana ganin wa ke kai da ƙarfe biyun dare, yana iya rage wa wani gudu, yana iya toshe wayar yayarsa don sun yi faɗa da rana. Kada ku yi. Bin diddigin sirrin mutane haramun ne ko da na'ura aka yi shi, kuma ranar da gida ya gane kuna yi, yardar da aka ba ku ta tafi. Abin da ya shafi yara ƙanana kuwa, wannan kulawa ce da ta wajaba, amma a fili za a yi ta, da shawarar iyaye. Ku zauna da Umma da Baba ku nuna musu cewa rauta na iya kashe wa wayoyin yara intanet daga ƙarfe goma na dare, su yanke lokacin da kansu. Ku nuna musu cewa in an sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a gurbin DNS na shafin saiti, wani tsari ne na kamfanin Cloudflare da ke tare shafukan batsa da na cuta ga duk gidan. Ku kuma gaya musu gaskiya cewa ba ya tare komai da komai, kada su saki jiki su daina duba abin da yaro ke kallo.

Kuma kada ilimin nan ya tsaya a kanku ku kaɗai. Gobe makaranta za ta kira ku, ko bautar ƙasa, ko aure, a bar gida da na'urar da ba mai iya taɓawa. Ku samu littafi ku rubuta adireshin shafin saiti, da kalmomin sirrin biyu, da bayanan PPPoE ko APN, da lambar layin da ke cikin rautar, da ranar da data ke ƙarewa, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Sannan kafin ku tafi, ku zaunar da ƙani ko ƙanwa, ku miƙa masa wayar, ku naɗe hannu, ya canja kalmar sirrin Wi-Fi ɗin baƙi da kansa kuna kallo.